Farfaɗo da Ƙungiyoyin Masu Rubuta Manhaja a Birnin Sakkwato: Buɗaɗɗiyar Manhaja da Matsalar Magaji

Matanin laccar da aka gabatar a unguwar Minanata, cikin birnin Sakkwato

Ƙungiyar masu amfani da manhaja, a ma'anar da masana kwamfuta suka saba ba ta, taro ne na sa-kai na mutanen gari ɗaya waɗanda suke aiki da wata manhaja ko wani harshen rubuta manhaja, suna haɗuwa a kai a kai domin su koyar da juna, su warware wa juna matsala, kuma su ba da gudummawa ga aikin da ya haɗa su, ba tare da wani yana biyansu albashi a kan haka ba. Birnin Sakkwato bai rasa irin waɗannan tarurruka ba, domin an ga reshen Google Developer Group, an ga rassan ƙungiyar ɗaliban kwamfuta ta ƙasa a manyan makarantun garin, an kuma ga ƙananan da'irori na abokai da suke zama a shagunan kwamfuta da ɗakunan kwanan ɗalibai. Abin da ya yi ƙaranci shi ne ɗorewa, domin sau da yawa ƙungiya takan tashi da ƙarfinta, ta yi babban taro ɗaya ko biyu da hotuna masu kyau, sannan ta yi shiru har sai wasu sababbin matasa sun zo sun sake kafa wata daga tushe, ba su ma san an taɓa yin wata kafin tasu ba. Da'awar wannan lacca ita ce, ƙungiyoyin nan suna mutuwa ne saboda an gina su a kan mutum ɗaya da sunan kamfani da biki, kuma za su rayu idan aka gina su a kan aiki na tarayya da garin yake bukata, tare da tsarin miƙa ragama ga magaji tun kafin mai riƙe da ita ya tafi.

Ya kamata a fara da bayyana abin da ake nufi da buɗaɗɗiyar manhaja. Kowace manhaja tana da rubutun tushe, wato jerin umarnin da ɗan Adam ya rubuta da wani harshe irin su Python ko C ko JavaScript, wanda daga baya ake juya shi zuwa siffar da na'ura take aiwatarwa. Kamfanonin da suke sayar da rufaffiyar manhaja suna ba mai saye siffar na'ura ce kaɗai, su ɓoye rubutun tushen, ta yadda ko ya ga kuskure ba zai iya gyarawa ba sai ya jira su. Buɗaɗɗiyar manhaja kuwa ita ce wadda lasisinta, wato takardar sharuɗɗan amfani da ita, ya halatta wa kowa ya yi aiki da ita, ya karanta tushenta, ya sauya shi, ya kuma raba wa wasu abin da ya sauya. Richard Stallman ne ya shelanta shirin GNU a 1983 a Amurka domin samar da cikakken tsarin sarrafa kwamfuta a kan wannan aƙida, ya kafa gidauniyar Free Software Foundation a 1985, sannan lasisin GPL ya fito a 1989 da sharaɗin cewa duk wanda ya gina wani abu a kan manhaja mai wannan lasisi kuma ya raba shi, wajibi ne ya bar nasa tushen a buɗe. A 1991 Linus Torvalds, yana ɗalibi a Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finland, ya saki Linux, wanda ya zama zuciyar da tsarin GNU yake jira, kuma a 1998 aka kafa Open Source Initiative domin jawo hankalin kamfanoni ga wannan hanya ta aiki. Akwai wasu lasisai masu sassauci, kamar na MIT da na Apache, waɗanda ba su tilasta a buɗe abin da aka gina a kansu ba, kuma saɓanin da ke tsakanin ɓangarorin biyu ya daɗe, sai dai ba shi ne damuwar Sakkwato a yau ba.

Tarihin ƙungiyoyin masu amfani ya girmi wannan aƙida da shekaru masu yawa. A 1955 ma'aikatan da suke sarrafa manyan kwamfutocin IBM a Amurka suka kafa ƙungiyar SHARE domin musayar shirye-shiryen da kowannensu ya rubuta, a 1975 kuma aka fara zaman Homebrew Computer Club a jihar Kalifoniya, inda Steve Wozniak ya nuna kwamfutar da ta zama Apple ta farko. Da Linux ya bazu, sai ƙungiyoyinsa na gari-gari suka yawaita, suka kuma shahara da ranar girka manhaja, wato ranar da kowa yake kawo kwamfutarsa a taimaka masa a sanya mata sabon tsarin. Masu harshen Perl suka bi sahu a 1997 da ƙungiyar farko a birnin New York, sauran garuruwa suka riƙa kafa nasu da sunan garinsu, kuma bayan fitowar Ubuntu, wani nau'in Linux, a 2004 a ƙarƙashin jagorancin Mark Shuttleworth, ɗan Afirka ta Kudu, an kafa rukunonin ƙasa-ƙasa da wata majalisa mai kula da su, har kamfanin Shuttleworth ya riƙa aika faifai kyauta ta gidan waya zuwa ko'ina a duniya, sai a 2011 ya daina. Abin lura shi ne, da yawa daga cikin waɗannan ƙungiyoyi na Turai da Amurka su ma sun yi barci, duk da wadatar wuta da intanet mai arha, wanda yake nuna cewa talauci ba shi kaɗai ne yake kashe ƙungiya ba, kuma wanda ya ɗora laifin duka a kan rashin wuta ya bar jaki yana dukan taiki.

A Afirka an kafa gidauniyar FOSSFA a 2003 domin yaɗa buɗaɗɗiyar manhaja a nahiyar, kuma a farkon 2008 wasu 'yan Kenya suka rubuta Ushahidi domin tattara rahotannin rikicin da ya biyo bayan zaɓen ƙasarsu, manhajar da daga baya aka yi amfani da ita a girgizar ƙasar Haiti ta 2010. A Nijeriya cibiyar CcHUB ta buɗe a Yaba ta Legas, Samson Goddy da Ada Nduka Oyom suka kafa Open Source Community Africa, wadda ta yi babban bikinta na farko a Legas a 2020, wasu watanni bayan taron PyCon Africa na farko da aka yi a Accra a 2019. Duk wannan ci gaba ne na gaske, amma nauyinsa ya karkata ga bakin teku, kuma matashin da yake zaune a Mabera ko Arkilla ko Minanata ba zai iya gina iliminsa a kan tafiyar da take cinye masa yini da dare a mota sau ɗaya a shekara ba.

Wani zai iya cewa buɗaɗɗiyar manhaja baƙon abu ce a Sakkwato, alhali garin ya daɗe yana tafiya a kanta ba tare da an ambaci sunanta ba. Kowace wayar Android da take hannun ɗan kasuwa ko ɗan kabu-kabu tana ɗauke da Linux a cikinta. Alƙaluman lafiya da ake tattarawa daga asibitocin ƙananan hukumomi ashirin da uku na jihar suna shiga DHIS2 ne, manhajar da Jami'ar Oslo ta ƙasar Norway take jagorantar rubutawa, wadda Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta ɗauka a matsayin rumbun bayananta na ƙasa. A yaƙin da aka yi da cutar shan-inna a Arewa, wanda Sakkwato ta kasance cikin jihohin da aka kafa wa cibiyar ayyukan gaggawa dominsa, ma'aikata sun riƙa cike bayanai a waya da Open Data Kit, manhajar da ta fito daga Jami'ar Washington, kuma ƙungiyar eHealth Africa mai babban ofishi a Kano ta yi fice a wannan fanni, har aka ayyana nahiyar Afirka ta rabu da ƙwayar cutar ta daji a watan Agustan 2020. Ke nan masu amfani suna da yawa, masu iya buɗe cikin manhajar su gyara ne suka yi kaɗan, shi ya sa idan tangarɗa ta auku sai a jira wani ya zo daga Abuja, ko a jira amsar wani a wata nahiya. Wannan giɓi ne ƙungiyar gari za ta iya cikewa, kuma shi ne hujjar wanzuwarta.

Dalilin farko na mutuwar ƙungiyoyin shi ne rataye su a wuyan mutum ɗaya, wanda galibi ɗalibi ne mai himma a shekararsa ta uku ko ta huɗu. Shi yake neman ɗakin taro, shi yake roƙon janareto, kalmar sirri ta kowane asusun ƙungiya tana cikin wayarsa, kuma lambar duk wani mai taimako tana wurinsa. Ranar da ya kammala karatu aka tura shi bautar ƙasa wata jiha, ko ya sami aiki a Abuja, ƙungiyar ta bi shi a aljihu. Kalandar jami'a ma tana ƙara dagula lamarin, domin yajin aikin malaman jami'o'i na 2020, wanda ya haɗu da kullen annobar korona, da na 2022 wanda ya ɗauki wata takwas daga Fabrairu zuwa Oktoba, sun watsa ɗalibai zuwa garuruwansu, kuma duk ƙungiyar da ba ta da ƙafa a cikin gari sai a harabar jami'a da ke Dundaye ta tsaya cik. Wannan cuta ba ta ƙananan ƙungiyoyi ba ce kaɗai, domin a watan Maris na 2024 wani injiniya mai suna Andres Freund ya gano wata ɓoyayyar ƙofa da aka dasa a cikin xz, ƙaramar manhajar matse fayil da kusan kowace kwamfutar Linux take ɗauke da ita, kuma binciken da ya biyo baya ya nuna cewa mutum ɗaya ne ya daɗe yana riƙe da aikin shi kaɗai har ya gaji, wani da ba a san ko wane ne ba ya lallaɓo da sunan taimako ya sami amana. Idan manhajar da duniya ta dogara da ita za ta iya shiga wannan hali saboda rashin mataimaki na gaskiya, to ƙungiyar mutum ashirin ta fi kusa da faɗawa.

Dalili na biyu shi ne jingina ga sunan kamfani. Babu laifi a karɓi tallafin Google ko Microsoft ko wani, kuma adalci ne a faɗi cewa shirye-shiryensu sun fito da matasa da yawa a Arewa, amma kamfani yana buɗe shiri ne domin bukatarsa, yana kuma rufe shi idan bukatar ta sauya, kamar yadda Meta ta rufe shirinta na Developer Circles a 2023 bayan ya yi rassa a garuruwa da dama na Afirka. Ƙungiyar da sunanta da tambarinta da jerin membobinta duk mallakar wani ofishi ne a Kalifoniya, ba ta da abin da za ta riƙe ranar da aka janye. Akwai kuma illar da ta fi wannan ɓoyuwa, wato sabon da ake yi da riga da sitika da takardar shaida, har ya zama ana auna nasarar taro da yawan waɗanda suka zo karɓar kyauta. Masu buɗaɗɗiyar manhaja a duniya sun ga ƙarshen wannan hanya a Oktoban 2020, lokacin da shirin Hacktoberfest, wanda a lokacin yake ba da riga ga wanda ya aika gyare-gyare huɗu, ya jawo ambaliyar gyare-gyaren banza, wasu ba su wuce ƙara waƙafi ba, har masu kula da ayyukan suka koka aka sauya dokokin shirin.

Matsalolin kayan aiki na nan, kuma ba a raina su ba: wutar da ba ta tsayawa, tsadar data, zafin watannin Maris da Afrilu da yakan haura digiri 40 har kwamfuta ta riƙa kashe kanta, tsadar mai tun cire tallafi a watan Mayun 2023, da kuma katse layukan sadarwa da aka yi a ƙananan hukumomi goma sha huɗu na jihar a watan Satumban 2021 saboda matsalar tsaro. Sai dai waɗannan suna da magani na fasaha da za a zo kansa, ba kamar dalili na farko ba, wanda maganinsa na tsari ne.

Game da tsari kuwa, Sakkwato ba ta bukatar aro daga waje, domin tarihinta yana ɗauke da misalin da ya fi dacewa. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda aka haifa a 1793, ta fuskanci matsala mai kama da wannan a farkon rabin ƙarni na 19: ilimi yana birni, masu bukatarsa suna warwatse a ƙauyuka, kuma ba zai yiwu malama ɗaya ta kai ga kowa ba. Sai ta kafa tsarin 'Yan Taru, inda take naɗa wa kowace tawagar mata jagora da ake kira jaji, ta ba ta malfa da jan rawani a matsayin alamar izini, jajin ta riƙa kawo mata daga ƙauyensu su ɗauki karatu, su koma su koyar da waɗanda ba su sami zuwa ba, kuma abin koyarwar an tsara shi a waƙe da Hausa da Fulatanci domin ya yi sauƙin haddacewa da ɗauka daga wuri zuwa wuri. Abubuwan da suka sa tsarin ya yi ƙarko a bayyane suke ga mai nazari: kowace tawaga tana da jagorar da jama'arta suka sani, matanin karatu ɗaya ne a ko'ina kuma kowa yana iya kwafarsa, an yi shi da harshen masu koyo, cibiya tana ba da izini da abin koyarwa amma ba ta gudanar da harkar kowane ƙauye, kuma da Nana Asma'u ta rasu 'yar'uwarta Maryam ta ci gaba da aikin, bai tsaya ba. Ba a kawo wannan domin a daidaita darajar karatun addini da rubuta manhaja ba, an kawo shi ne domin a nuna cewa mutanen wannan gari sun taɓa warware matsalar haɗa ƙananan da'irori masu nisa da juna a ƙarƙashin manufa ɗaya, kuma sun warware ta ba tare da waya ko mota ba.

Abin da zai tsaya a matsayin matanin tarayya ga masu rubuta manhaja shi ne aiki guda da kowace da'ira za ta sa hannu a ciki, kuma aikin da ya fi cancanta shi ne wanda babu mai yi wa Sakkwato shi idan ba 'ya'yanta ba. Harshen Hausa a cikin na'ura shi ne misali mafi kusa. A ɗauki rajistar marasa lafiya a wani asibiti, inda ma'aikaci ɗaya ya rubuta suna da ɗ mai lanƙwasa, na biyu ya rubuta shi da d ta yau da kullum saboda allon rubutunsa ba shi da harafin, na uku kuma ya sanya alamar ɗauri bayan d ɗin. A wurin na'ura waɗannan mutum uku ne daban, saboda kowane harafi yana da lambarsa a tsarin Unicode, wato jadawalin duniya da ya ba kowane harafi na kowane harshe lamba ta musamman, don haka mai neman fayil ɗin zai ga ɗaya ya rasa biyu, kuma alƙaluman ƙarshen wata za su fito da ƙari. Lamarin yakan ƙara rikicewa idan bayanan sun tsallaka iyaka, domin a Nijeriya ana rubuta 'y da alamar ɗauri, a Nijar kuwa ana rubuta ƴ mai lanƙwasa. Gyaran wannan bai fi ƙarfin ɗalibin shekara ta biyu ba, ƙaramin shiri ne da zai daidaita haruffan kafin bincike, amma sai wanda ya san harshen zai lura akwai matsalar, kuma idan aka rubuta shi sau ɗaya da buɗaɗɗen lasisi, asibiti da makaranta da kotu duk za su amfana.

Ayyuka irin wannan suna da yawa, kuma wasu sun riga sun fara. Shirin Common Voice na Mozilla yana tattara muryoyin masu sa-kai domin koya wa na'ura jin magana, kuma Hausa tana cikinsa, sai dai idan Sakkwatawa ba su sa muryarsu ba, na'urar za ta iya Kananci ta riƙa tuntuɓe a kan Sakkwatanci. Ƙungiyar Masakhane, wadda ta taso a 2019, da rukunin HausaNLP suna buɗe bayanan da suke tarawa domin fassarar na'ura, Wikipedia ta Hausa tana da masu gyara da suke taruwa a garuruwan Arewa, taswirar OpenStreetMap kuma, wadda kowa yake iya ƙara wa titi da suna, tana jiran wanda zai zana lungunan unguwannin birni da rijiyoyin burtsatse da ƙananan asibitoci. Rubuce-rubucen Ajami da na Larabci da suke ajiye a Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu suna bukatar kundin bincike na zamani, kuma manhajoji irin su Koha da DSpace, waɗanda ɗakunan karatu a duniya suke amfani da su, a buɗe suke kyauta. Shawarar ita ce a zaɓi ɗaya ko biyu a kai su ƙarshe, domin ƙungiyar da ta ɗauki goma a watan farko ba ta kammala ko ɗaya.

Yadda gudummawa take tafiya a aikace yana da muhimmanci a fahimta, domin a nan ne tarbiyyar take. Ana ajiye rubutun tushe a ma'ajiya da ake sarrafawa da Git, manhajar da Torvalds ya rubuta a 2005, wadda take riƙe tarihin kowane sauyi da sunan wanda ya yi shi da dalilinsa. Mai koyo yakan kwafi ma'ajiyar zuwa kwamfutarsa, ya yi gyaransa a wani reshe na daban, ya rubuta gajeren bayani, sannan ya miƙa buƙatar a haɗa gyaran da uwar aikin. Wani wanda ya fi shi ƙwarewa ya karanta layi bayan layi, ya ce nan an manta da halin da sunan zai zo babu komai a ciki, nan kuma sunan da aka ba wannan ma'adani ba ya nuna abin da yake ɗauke da shi, mai koyo ya koma ya gyara, wataƙila sau uku, kafin a karɓa. Wannan karatun tsanaki shi ne abin da babban taron shekara ba ya bayarwa, kuma shi ne yake mayar da mai kwafar darasi daga bidiyo ya zama wanda za a iya damƙa wa aiki. Git yana da wata fa'ida da ta dace da yanayin jihar, wato kowane kwafi cikakke ne, ana iya aiki da shi babu intanet, a haɗa sauye-sauye ta filashi ko ta ƙaramar hanyar sadarwa ta cikin ɗaki, sai an sami sabis a tura waje.

Zaman kansa ba ya bukatar otal. Aji ɗaya a wata makaranta da yammacin Asabar bayan La'asar, ko da hantsi kafin rana ta yi zafi, da faifan sola da batir da doguwar wayar soket mai baki shida, da tsohuwar kwamfuta guda da aka mayar rumbu aka zuba mata Ubuntu da kayan Python da littattafan koyarwa da kwafin Wikipedia ta manhajar Kiwix mai aiki babu intanet, sun isa a fara, ta yadda mutum ɗaya zai sauke abu da datarsa sau ɗaya, ashirin su kwafa. A irin wannan zama za a ga wanda batirin kwamfutarsa ya mutu yana manne da soket, da wanda bai da kwamfuta ko kaɗan yana zaune kusa da abokinsa suna karɓa-karɓa da allon rubutu, kuma wannan zama na biyu-biyu hanya ce da ƙwararru ma suke bi da gangan. Abin da ba a sassauta shi ne lokaci: rana ɗaya sananniya, wuri ɗaya sananne, ko mutum huɗu ne suka zo a zauna, a sauya sa'a a watan azumi amma kada a ɗage. Haka nan wajibi ne a tsara wuri da lokaci da iyaye da mazaje za su aminta da su, a kuma bar mata su kafa da'irarsu da jagorarsu idan sun fi son haka, kamar yadda shirin Django Girls, wanda aka fara a Berlin a 2014, ya nuna cewa bita ta yini ɗaya ta mata zalla tana shigo da waɗanda ba za su taɓa zuwa taron gama-gari ba.

Haɗa kan da'irorin shi ne inda aka fi yin kuskure, domin da zarar an ce a haɗu sai tunani ya tafi ga sabuwar ƙungiya mai shugaba da mataimaka uku da uban ƙungiya da bikin ƙaddamarwa, daga nan kuma rigimar muƙami ta cinye shekarar farko. Abin da ake bukata ya fi haka sauƙi: zama na wakili ɗaya daga kowace da'ira, ta jami'ar tarayya da ta jiha da ta kwalejin Farfaru da ta Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari da na cikin gari, sau ɗaya a wata biyu, aikinsu kawai su daidaita kalanda kada taro biyu su faɗo rana ɗaya, su riƙe jerin masu iya koyar da kowane fanni, su kula da kayan aro irin su majigi da batir, kuma su adana tarihin ƙungiyoyin. Batun tarihi ba ƙarami ba ne, domin zauren WhatsApp yana da amfani wajen kira amma ba ya riƙe ilimi, amsar da aka bayar bara ta nutse, sabon shiga ba zai same ta ba. Bayanin kowane zama, da sunayen wuraren da suka taɓa ba da ɗaki, da lissafin kuɗin da aka tara da yadda aka kashe, duk a rubuta su a ma'ajiya ɗaya a buɗe, kuma kowane asusu ya kasance aƙalla mutum uku ne suke da mabuɗinsa, ɗaya daga cikinsu mazaunin gari wanda ba ɗalibi ba, kamar malami ko ma'aikacin asibiti ko mai shagon gyaran kwamfuta.

Tambayar da matasa suke yi, kuma suna da gaskiya, ita ce me mutum zai ci idan yana ba da aikinsa kyauta. Amsar ita ce manhajar ce kyauta, girkawa da koyarwa da kulawa da daidaita ta da bukatar mai ita ba kyauta ba ne, kuma makarantar da take son rajistar ɗalibai ko kantin magani mai son lissafin kaya za su biya wanda yake kusa, wanda za a iya kira ya zo. Bayan haka, gudummawar da mutum ya bayar a buɗe shaida ce da mai ɗaukar aiki a ko'ina zai iya dubawa da idonsa, kuma shirye-shirye irin su Google Summer of Code, wanda aka fara a 2005, da Outreachy suna biyan masu koyo alawus domin su yi watanni suna aiki a kan buɗaɗɗiyar manhaja daga gidajensu, 'yan Nijeriya kuma suna samun shiga. Shirin 3MTT da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2023 domin horar da matasa miliyan uku a fannin fasaha yana yaye ɗalibai rukuni bayan rukuni, kuma wanda ya gama kwas na wata uku yana bukatar wurin da zai ci gaba da zama da na gaba da shi, in ba haka ba abin da ya koya ya zube. Sassan kwamfuta na manyan makarantu za su iya taimakawa ba tare da kashe ko sisi ba, idan suka amince ɗalibin shekarar ƙarshe ya ɗora aikin bincikensa a kan abin da na bara ya bari a ma'ajiyar tarayya, maimakon kowace shekara a sake rubuta tsarin rajista iri ɗaya a ɗaure shi a jingine a kanta.

Da'irar Sakkwato tana da maƙwabta na kusa da ya kamata ta nema kafin ta hangi Legas, wato Birnin Kebbi da Gusau, da kuma Ƙonni da Tawa da Maraɗi a tsallaken iyakar Illela, inda ɗalibai suke karatu da Faransanci amma Hausa ta haɗa su da na nan, kuma matsalar haruffa masu lanƙwasa da ta taswira iri ɗaya ce a ɓangarorin biyu. Game da miƙa ragama, ƙa'idar da ake ba da shawara ita ce kada jagoran da'ira ya wuce shekara ɗaya, a naɗa mataimakinsa daga ajin da yake ƙasa da nasa tun ranar da shi kansa ya karɓa, mataimakin ya jagoranci zama ɗaya cikin kowane uku, kuma a yi miƙa mabuɗai da littafin lissafi a farkon zangon karatu na biyu, watanni kafin jarrabawar ƙarshe, lokacin da mai barin gado yake nan a gari ana iya tambayarsa inda ya ajiye kowane abu.